Ranar da Na Ɗauki Akuya Aikin Tsaron Shinkafa

Na taɓa ɗaukar akuya aiki. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa dabarar ba ta da aibi, ƙanwata ce ta sa tausayi a ciki ta ɓata komai. Ita kuma in an tayar da zancen sai ta ce ai tun ranar da aka haife ni nake neman wanda zai yi min aikina. Mun girma, kowa da 'ya'yansa, amma ba mu sasanta ba.

Katun ne ya jawo. A zamaninmu a Haɗeja sau ɗaya yake zuwa a mako, safiyar Asabar, daga ƙarfe takwas zuwa tara. Ran Lahadi ma akan ɗan saka wani, amma na koyar da ƙirga ne, ba ma sa shi a sahun katun. In ka rasa na Asabar ka rasa ke nan, babu maimaici, babu wanda za ka kai wa ƙara. Sai dai ran Litinin a makaranta ka tsaya wani mai majina yana ba ka labari, yana ƙara nasa gishirin, kai kuma ba ka da bakin musawa.

Gidanmu babu talabijin. Duk shiyyarmu guda ɗaya ce, baƙi-da-fari, a gidan wani malamin gona da ke bakin gari a kan hanyar fadama. Da batirin mota take aiki, don ba a dogara da wutar lantarki. An haɗa gwangwala biyu an ɗaura eriya a can sama tana kallon Kano, in iska ta juya ta sai hoton ya koma kamar an watsa gero a faranti, a tura wani ya je ya murɗa muna yi masa ihu daga ciki. Matar malamin mutuniyar kirki ce, amma tana da dokoki: a wanke ƙafa a bakin rijiya, kada a shigo da gyaɗa, wanda ya goyo ƙaninsa marar wando ya zauna a bakin ƙofa. Mukan kai talatin a falon, gwiwa na gugar gwiwa, ba mai tari.

Wanda muka fi so na wata ƙatuwar dorina ce mai hula. Kwalekwale gare ta, tana ƙetarar da dabbobi a kogi, amma ko sau ɗaya ban taɓa ganin ta riƙe matuƙi ba. Kullum sai ta ƙulla wata igiya, ta ratsa ta nan ta ɓullo da ita can, ta ɗaura wa agwagwa ko kifi, su yi ta ja, ita kuma tana kwance ta rufe fuska da hula. Turancin ba ma jin ko kalma ɗaya, kowa da fassararsa, amma mu 'ya'yan bakin kogi ne, mun san kwalekwale, mun kuma san malalaci in mun gan shi. Musunmu ɗaya ne, launin hular. Ni na rantse ja ce. Ƙanwata ta ce rawaya. Wani yaro ya ce ya gani a talabijin mai launi a Kano shuɗiya ce, amma shi ne ya taɓa ce mana ya ga mota mai tafiya a cikin ruwa, saboda haka ba mu karɓi shaidarsa ba.

Ina son dorinar nan so na gaske. Ita ce mutum ta farko da na gani ta mai da ƙiwuya sana'a. Abin da ban lura da shi ba, ko kuma na lura na ƙi ɗauka, shi ne kowane mako a cikin ruwa take ƙarewa, ita da fasinjojinta.

To, ga kuma Iya, kakarmu ta wajen uba. Gajeruwa ce, ga bakin tsiya, ba ta kirana sai da "mijina", kamar yadda kakanni ke yi wa jikokinsu maza, sai dai ita takan ƙara da "mijin da ba ya cefane". Iya tana da wata 'yar gona a fadama, ba ta da girma, in ka tsaya a wannan kai ka yi jifa za ka iya kai wa wancan. Jar shinkafa take shukawa, doguwa, irin da ke bin ruwa yana hawa tana hawa. Daga Guri ta zo da irin lokacin da aka kawo ta gidan kakanmu, mahaifiyarta ce ta ɗura mata a gora. Duk fadamar an koma sabon iri mai saurin nuna, ita kaɗai ta rage da nata. Baba ya yi magana har ya gaji. Ta ce masa, "Taka shinkafar in an dafa sai an tambaya me ake ci. Tawa tun daga zaure baƙo zai san gidan da ya shigo." Gaskiya ta faɗa kuwa. In aka yi tuwonta ƙanshin har maƙwabta, kuma washegari ɗumamensa ya fi na jiya daɗi.

Aibin shinkafar Iya ɗaya ne, jinkiri. Sai kowa ya yanke tasa ya kai gida, sannan tata take fara nono a cikin zangarniya. Jan baki kuwa, tsuntsayen nan ƙanana masu tashi dubbai kamar hayaƙi, in sun duba fadama suka ga an kwashe komai, sai su juyo gaba ɗaya kan gonar Iya. Mako huɗu zuwa biyar ake yi ana tsaro, safe da yamma. Iya ta sha gaya mana cewa in tsuntsu ya cinye ta shekara ɗaya, shi ke nan, irin ya tafi, don ko a Guri ta aika an duba babu mai shi.

Ga yadda ake tsaron. An ja igiyoyi a saman gonar, tsaye da kwance, an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki, da tsummokara, da yagaggun ledoji. Duk igiyoyin sun haɗu a uwar igiya guda ɗaya da ta zo har wata rumfa a kan tudu. Mai tsaro yana zaune a rumfar, in ya ga duhu ya taso sai ya fizgi uwar igiyar, gonar gaba ɗaya ta ɗauki ƙara, ya bi da ihu da majajjawa. Daga Litinin zuwa Juma'a Iya ce da kanta ke zama da safe, da ciwon bayanta, mu karɓe ta da yamma bayan makaranta. Asabar da Lahadi kuwa namu ne, ni da ƙanwata, daga fitowar rana. Jan baki kuma ba su da lokacin da suka fi so irin daga ƙarfe bakwai zuwa goma. Na yi ta tunanin ko haɗa baki suka yi da masu gidan talabijin.

Asabar ta farko na zauna a rumfar nan ina jan igiya, ina hango kan eriyar gidan malamin gona daga nesa, hawaye na zubo min. Ba kunya nake faɗa, kuka na yi sosai. Ran Litinin mai majinar nan ya ba ni labari cewa dorina ta ɗaura wa kada igiya a wutsiya. Tun bai gama ba dabara ta faɗo min.

Iya tana da wata akuya ja, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Ran Juma'a da yamma na je na durƙusa, na ce, "Iya, akuyar nan ta rame. Gobe in tafi da ita fadama ta ci ɗanyar ciyawa mana."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Mijina, yau kai ne da tausayin dabba? Ko ba ka da lafiya?"

"Lafiyata ƙalau. Lada nake nema."

"To Allah ya ba ka. Ka bar ɗan a gida, kada laima ta kama shi."

Da safe muka ja akuya tana turjiya tana waiwaye, ɗanta na kuka a garke tana amsa masa. Muna isa na kafa turke a kan tudu, na ɗaure ta, sannan na ɗauko uwar igiya na ƙulla a wuyanta. Ban ma gama ƙullin ba ta zabura ta nufi gida. Gwangwanaye suka ɗauka gaba ɗaya. Ta dawo, ta sake zabura, tana kuka iya ƙarfinta. Wani garken jan baki da ya taso daga gabas ya yi kwana a sama ya wuce. Na tsaya na riƙe ƙugu ina kallon aikina. Ni kaina ba na jan igiyar nan da himma irin tata, ga shi ita har ihun take yi.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, in Iya ta gane fa?"

Na ce, "Ke wa zai gaya mata, akuyar?"

Muka zuba da gudu. Muka wanke ƙafa, muka sami wuri har a layi na biyu. Tara na bugawa muka koma, muka tarar da ma'aikaciyata tana kan aiki, muryarta ta ɗan dushe, shinkafa kuwa ko ƙwaya ba a taɓa ba. Na kwance ta na ba ta ciyawa da hannuna. Da muka koma gida Iya ta shafa cikin akuyar ta ce, "Ikon Allah, ciyawar fadamar ba ta karɓe ta ba ne? Kamar ma ta ƙara ramewa." Na ce ai sai a hankali.

Asabar ta biyu ta aikin akuya ma haka, lafiya lau. Na fara jin kaina. Har na soma tunanin ko in faɗaɗa harkar zuwa ranar Lahadi, in je in ga na ƙirgar nan ko ya gyaru.

Ni duk a zatona akuyar nan ƙwazo ne da ita. Ban taɓa zama na tambayi kaina me ya sa take fizgar igiya ba. Ƙanwata ce ta tambaya, ita da ba ta iya ganin ko ƙadangare a cikin wahala. Asabar ta uku, ina gaba ina jan akuya, ita tana baya da wani ƙunshi a zaninta, na ɗauka abin karin kumallo ne. Na ɗaure akuya, na ƙulla igiya, ta fara aikinta kamar kullum, na ce mu tafi. Ƙanwata ta ce in yi gaba za ta zaga bayan rumfa. Na yi gaba. Ta same ni a bakin rijiya tana murmushi, irin na wanda ya yi sadaka a ɓoye.

Ranar kuma, kamar da gayya, da na dorina ya ƙare sai aka ɗora wani sabo, aka kuma ɗora wani. Ban san me ya faru a gidan talabijin ɗin ba, wataƙila mai karanta labarai ne ya makara. Ba mu fito ba sai wajen goma.

Tun daga nesa na ji abin da ya tsinka min zuciya: ban ji komai ba. Babu gwangwani, babu kukan akuya. Da muka ƙara matsawa sai wata ƙara ta daban, irin ta man gyaɗa in an zuba albasa. Gonar Iya ta yi baƙi ƙirin, tana motsi. Na yi kururuwa na faɗa kan igiya, suka tashi gaba ɗaya har suka tare rana, suka yi gabas. A kan tudu kuwa ga akuya kwance ta lumshe ido tana tuƙa, ɗanta ya sha ya ƙoshi ya ɗora kai a cikinta. Ban taɓa ganin dabba cikin kwanciyar hankali irin wannan ba.

"Kuka take ta yi masa," in ji ƙanwata. "Mako biyu tana kuka, Yaya."

Na shiga gonar, ruwa iya ƙauri. Zangarniyar da na bari da safe a sunkuye saboda nauyi duk ta miƙe tsaye, fara fat. Na murza ɗaya a tafin hannu, ƙaiƙayi ne kawai da ɗan farin ruwa. Na murza wata, haka. Tsoron duka bai ma zo min ba tukuna. Iya na tuna, zaune a rumfar nan kwana biyar a mako, ta tokare bayanta da ƙullin tsumma.

Ba mu koma gida ba. Muka zauna muna jan igiya a kan gonar da babu sauran abin tsaro a cikinta, har azahar ta yi, Iya ta biyo sawu da sandarta da kwanon abincinmu. Ta tsaya a kan tudu ta dubi gonar, ta daɗe. Ta dubi igiyar da ke wuyan akuya, ta bi ta da ido har gwangwanin farko. Ta dubi ɗan akuyar. Ina jira sama ta faɗo.

Ta ce, "Wa ya kawo mata ɗanta?"

Ƙanwata ta fashe da kuka.

"Ai ke ce kika kashe aikin. Uwa in tana ganin ɗanta me zai tashe ta?" Ta juyo kaina. "Kai kuma mai dabara, ka ɗauki ma'aikaci ba ka san abin da ke sa shi aiki ba." Sai ta ajiye kwanon, ta sauka cikin gonar ba ta ko naɗe zani ba, ta tsinko zangarniya ɗaya ta shinshina. Muryarta ta sauya. "Shi ke nan. Ta uwata ta ƙare a hannuna."

Da ta dake ni da sandar nan da na fi samun sauƙi. Baba ya so ya yi, har ya ciro bulala, ta tare ƙofa ta ce, "Bar min su. Gonata ce, mijina ne, ni zan yi hukuncina." Muka yi kwana uku muna bin gonar zangarniya bayan zangarniya, abin da muka tsinto bai cika tiya ba, shi ma rabi ƙaiƙayi. Iya ta sheƙe shi, ta duba, ta ce bai ƙosa ba, ba zai yi iri ba. Ta dafa mana fate da shi, ta zauna tana kallo har muka cinye. Ban taɓa cin abu mai daɗi da wuyar haɗiya kamarsa ba.

Hukuncin ya zo ran Asabar. Da sassafe na ga Iya ta yi wanka, ta ɗaura zaninta na zuwa suna, ta sa kwalli. Ta ce, "Tashi ka kai ni in ga wanda ya ci min shinkafa."

Haka na shiga gidan malamin gona da kakata a gaba, yara talatin suna kallona. Ta wanke ƙafa a bakin rijiya kamar kowa. Matar gidan ta ruɗe ta kawo kujera, Iya ta ce a'a, ta zauna a tabarma a layin farko, ta ja ni kusa da ita in yi mata fassara. Dorina ta fito da hularta.

"Wannan ƙatuwar ce?"

"Ita ce, Iya."

"Me take cewa?"

Na ce, "Cewa take a yi haƙuri da yara."

"Ƙarya kake, bakinta bai yi kama da mai ba da haƙuri ba."

Ranar dorina ta ɗaura wa wasu kwaɗi igiya. Iya ta yi tsaki ta ce kwaɗo ba ya ja gaba, sama yake yi, wannan ba ta san dabba ba. Kafin ta rufe baki kwaɗin suka yi tsalle, kwalekwale ya kife, dorina ta nutse hularta kaɗai ke yawo a kan ruwa. Iya ta yi dariya har da tari, har sai da aka kawo mata ruwa. Da ta sami numfashi ta nuna ni da baki ta ce wa ɗakin gaba ɗaya, "Ga malamarsa nan." Sunan ɗalibin dorina ya bi ni har na gama firamare.

Daga ranar ba ta sake fashin Asabar ba. Ta ce tun da babu gonar tsaro, me za ta zauna yi a gida? Ita ce ke tashina. Ta shiga musun hula ma, ta ce baƙa ce, ga ta nan kowa yana gani, mu ne muke son wahalar da kanmu. Amma ga muguntar tsohuwar nan: sai ta bari an zo daidai wurin da ya fi ban dariya, na buɗe baki zan ƙyalƙyale, sai ta sauke ajiyar zuciya a saitin kunnena, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "Allah sarki shinkafata." Dariyar ta maƙale min a wuya. Ita kuma ta ci gaba da tata. Wata bakwai tana yi min haka, ba ta taɓa mantawa ba ko sau ɗaya.

Da aka yi ruwan farko, ina ganin mutane suna fita fadama da fatanya ina sunkuyar da kai, sai ta kira ni ɗakinta. Ta ce in shiga ƙarƙashin gado, can ƙurya bayan tukwane, in jawo abin da hannuna ya taɓa. Wani tsohon gora ne, an toshe bakinsa da tsumma an shafe da toka. Ta buɗe ta zazzago a tafin hannuna. Jar shinkafa, cikakkiya, mai nauyi.

Na ce, "Iya, ai kin ce ta ƙare."

"Ta gona ta ƙare. Wace mahaukaciya ce za ta zuba irinta duka a ƙasa, tana da jikoki irinku?"

"Wata bakwai fa, Iya."

"Da na so in kai shekara, damina ce ta katse ni."

Na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka, ita tana ta zungurina da ƙafa. Sannan ta nuna min yadda abin yake. Rabi a shuka, rabi a bari. In an girbe, a juye tsohon a ci, a ɗura sabo. Ta ce iri ba ya son dogon zama a gora, in ya shekara biyu ko uku ba a sabunta shi ba, barci yake yi wanda ba ya tashi. "In na mutu kai za ka riƙa yi, mijina. Tun da ba ka cefane, ka yi wannan." Na ɗauki alkawari da bakina. A shekarar kuwa na yi tsaro kamar soja, Asabar biyar ban ga dorina ba. Iya ce ke zuwa ta kalla, ta dawo ta ba ni labari, tana ƙara nata gishirin.

Ban san ranar da katun ɗin Asabar ya mutu ba, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda ya sani ba. Na dai san an fara rage shi zuwa rabin awa. Daga baya wani mako a saka, wani mako ka tarar da wani mutum da babbar riga yana bayani a kan taki, ko mai maganin basir ya sayi filin. Sannan aka fara kafa faranti a kan rufin gidaje, aka sami tashar da ke yin katun dare da rana, ba sai an jira kowa ba. Talabijin ta shiga kowane gida, falon malamin gona ya koma falo kawai. Ni kuma na tafi makarantar kwana, daga nan Kano, daga nan aiki. Iya ta rasu ina shekara ta biyu a jami'a. Na shuka shinkafar sau ɗaya bayanta, a hannun wani ɗan'uwa, na sabunta goran. Shekara ta gaba jarrabawa ta hana. Wadda ta biyo baya kacala, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa, ta fara cin gonar, aka ce sai an yi gayya an sare. Na ce baɗi. Goran ya bi ni gidan haya uku, yana can saman kabad, kullum ina cewa baɗi.

Kwanan baya, wata safiyar Asabar, na tara 'ya'yana uku a falo da ƙarfe takwas, na ce yau tare za mu yi kallo kamar mutane. Na bi tashoshin gida ɗaya bayan ɗaya, babu katun ko na ƙirga. Kowannensu yana riƙe da waya yana kallona da tausayi. Don in rufe kunyata sai na ba su labarin dorina da akuya. Ƙaramar, mai shekara tara, ta ce in kwatanta mata dorinar. Kafin in gama ta miƙo min waya. Ga ta nan, duk abin da na taɓa gani da wanda na rasa, har da na Asabar biyar ɗin nan, a jere, kyauta.

Hular kore ce. Na kira ƙanwata a take na gaya mata, ta ce ai kore ya fi kusa da rawaya.

Yaran suka kalli minti uku. Babban ya ce hoton ba ya da kyau, ta tsakiyar ta ce abin yana da jan rai, suka koma nasu. Ni ma, in faɗi gaskiya, na kalli ɗaya ban yi dariya ba. Babu gwiwar kowa a bayana, ba na tsoron iska ta juya eriya, kuma ban gudo daga ko'ina ba.

Ƙaramar ce ba ta koma waya ba. Ta ce, "Baba, to ina shinkafar?"

Na hau kujera na sauko da goran. Tsumman ya rube, amma ƙwayar na nan, ja, sai dai ta yi haske kuma ba ta da nauyin da na sani. Muka jiƙa tsumma a faranti, muka baza cikin tafi ɗaya, muka rufe, muka ajiye a bakin taga. Na ce mata kwana huɗu zuwa biyar za ta ga farin tsiro. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta ɗaga tsumman ta yayyafa ruwa. Kwana biyar, babu. Muka sake ɗibar wani daga ƙasan goran, ko na can ya fi. Shi ma ya kumbura, ya fara wari.

Asabar ta uku na fito da safe na same ta durƙushe a bakin taga, tun kafin kowa ya tashi, ba wanda ya tashe ta. Ta ɗago ta ce, "Baba, ko mu ƙara mata mako ɗaya?"

Na ce mu ƙara. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Wannan karon babu tsuntsu, babu akuya, babu ƙanwar da zan ɗora wa. Sai na ji bakina ya ce, a hankali, "Allah sarki shinkafata." Ban san lokacin da na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gadon ba, har can ƙurya. Takalma ne kawai da tsohuwar cajar waya.